Ɗan zomon yarona sai tumbi, babu tsoka: a taimaka da shawara

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana 12 ke nan da babansu ya sayo wa yarona ɗan zomo a kasuwa, fari mai baƙin kunne. Mai sayarwa ya ce watansa biyu. Jiya da na ɗaga shi zan share kejin, sai na ji ƙashin bayansa yana sukar tafin hannuna kamar haƙoran matsefi, amma cikin nan tim kamar ya haɗiyi lemo. Na ɗora shi a sikelin da nake auna fulawar cincin, giram 450. Karas muke ba shi da ganyen kabeji safe da yamma, yana kuma ci. Ruwa kuwa ba ma sa masa, don an ce mana zomo ba ya sha. Kashinsa wani lokaci ƙwaya-ƙwaya, wani lokaci ya ɓata masa gindi. Yaron ya ƙwallafa rai a kansa, ko makaranta zai tafi sai ya leƙa keji. Ramewa ce wannan ko haka suke?

Mai kiwon zomaye, daga Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, tashi yanzu ki sa masa ruwa mai tsabta a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba. Maganar zomo ba ya shan ruwa ta kashe zomaye da yawa a gidajenmu. Kuma zomon da ba ya samun ruwa ba ya iya cin busasshen abinci sosai.

Batun giram 450, lambar kaɗai ba ta yanke hukunci sai an san irinsa. New Zealand White, wanda babbansa ke kaiwa kilo 4 zuwa 5, idan ya samu abinci yana iya wuce kilo ɗaya da rabi a sati 8. Nawa na gida, gauraye, a sati 8 nakan same su tsakanin giram 700 da 900. To ko a ma'aunin na gida naki yana ƙasa. Zargina biyu ne: ko dai bai kai wata biyun ba, an raba shi da uwarsa tun yana sati 4 don a yi saurin kai shi kasuwa, ko kuma akwai ciwo a hanjinsa. Abin da ya fi damuna ma ba sikelin ba ne, abin da hannunki ya ji ne. Lafiyayyen ɗan zomo idan kin shafa bayansa za ki ji ƙashin a lulluɓe da nama, ba tsini ba.

Wata 'yar'uwa, daga Katsina:
Ayya, Allah sarki. Ki dama masa madarar gari ki ba shi da sirinji, ki ɗan fasa masa kafso na amoxicillin a ciki saboda zawon. Haka nake yi wa kajina.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi:
Yaya, don Allah a yi haƙuri, kada ta yi ko ɗaya. Zomo ba kaza ba ne. Narkar da abincinsa ta dogara ga wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, amoxicillin da danginsa na penisilin idan aka ba shi ta baki su suke fara kashewa, sai zawo mai tsanani ya biyo baya, sau da yawa a rasa zomon. Madarar shanu ma ɓata masa ciki za ta yi.

Hajiya, tumbi da rama da zawo mai zuwa yana tafiya a ɗan zomon da aka yaye kwanan nan, abin da muke fara zargi shi ne koksidiya. Ƙwayar cuta ce da ke kama hanji, wani irinta kuma hanta, tana yaɗuwa ta kashi, musamman inda aka cunkusa su wuri ɗaya kamar kejin kasuwa. Ki ɗebi kashinsa na safe a leda ki kai shi tare da zomon asibitin dabbobi, a duba a madubin likita. Akwai magani, amma gwargwadon nauyinsa ake aunawa, shi ya sa ba zan rubuta miki adadi a nan ba. Su duba haƙoransa na gaba ma, domin haƙoran zomo ba sa daina tsiro, idan suka goce da juna cin abinci yakan gagare shi. In kuwa ya daina ci ko ya daina kashi na tsawon awa 12, kada ki jira gari ya waye.

Dattijo, daga Maraɗi:
'Yata, karas ga zomo alewa ce. Ki nemi harawar gyaɗa ko ta wake busasshiya, marar funfuna, ta zauna a gabansa dare da rana. Sai 'yar dusa kaɗan. Kabejin ki dakata da shi sai cikin ya daidaita, daga baya ki riƙa gwada masa ganyen dankalin Hausa ko na zogale, ki bari ya ɗan yi yaushi, kaɗan-kaɗan, iri ɗaya a lokaci ɗaya. Ɗanyen ganyen rogo kada ya kusance shi. Kuma su da zafi ba sa shiri, da rana kwanciya suke, cin kirki sai da magariba zuwa asuba. Ki matsar da kejin inuwa.

Mai kiwon zomaye, daga Samaru:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara, an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan zomo gashi yana ruɗar ido. Ki riƙa auna shi kowace safiya kafin ki zuba abinci, a cikin roba ɗaya, ki rubuta. Tunda yaron na son sa, ba shi biro da takarda, aikinsa ke nan. In lambar tana hawa ko da kaɗan-kaɗan ne, kuna kan hanya. Kejin kuma a share kullum, kada kashi ya haɗu da abinci.

Mai tambaya, bayan kwana 9:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar da na sa ruwan, wallahi sai da na ji kunya, ya kafa kai ya daɗe bai ɗago ba. Mun kai shi asibiti, koksidiyar ce, an ba mu maganin sawa a baki. Likitan ya ce shi ma yana ganin bai kai watannin da aka faɗa mana ba. Zawon ya tsaya, yau takardar yarona ta nuna giram 560. Harawar ce dai yake ta tsince ganyen yana barin karan, haka suke yi ko in canza masa wata?

Dattijo, daga Maraɗi:
Haka suke. Ki bar masa karan, zai dawo ya gwaguya da dare.