Muhawara a zauren Matasan Damagaram: kumbo zai iya sauka a kan Mushtari?

Sanusi: Salamu alaikum. Jiya a fadarmu ta Birni gardama ta kaure. Na ce Amurkawa sun saukar da kumbo a duniyar Mushtari, wato Jupita, tun 1995, har lema ya buɗe. Suka ce ƙarya nake. Malam Habu, a raba mu.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Lemar gaskiya ce, ƙanena. Ranar 7 ga Disamba 1995 wata na'ura da kumbon Galileo na NASA ya saki ta kutsa cikin iskar Mushtari, ta buɗe lema, ta yi kusan awa ɗaya tana aiko da bayanai. Da matsin iska ya ninka namu fiye da sau 20, zafi ya wuce digiri 150, sai ta yi shiru. Ba ta taka komai ba, don babu ƙasar takawa.

Sanusi: Haba Malam, duniya mai girma haka a ce ba ta da ƙasa? To me ya riƙe gajimaren?

Malam Habu: Nauyinta. Kusan duk jikinta iskar haidirojin ce da hiliyam. Ka girgiza butalin gas na gidanku, za ka ji ruwa na motsi, matsi ne ya mai da iska haka. A Mushtari kana nutsewa iska na ƙara kauri har ta zama kamar ruwa, ba tare da ka tsallake wata iyaka ba. Can ƙasa sosai haidirojin ɗin yakan koma ruwa mai halin ƙarfe.

Hadiza: Ni ban gamsu ba, Malam. A lekol an koya mana akwai dutse a tsakiyarta. In an ƙera kumbo mai ƙwari ai zai kai.

Malam Habu: Kumbon Juno da ya isa can a 2016 ya nuna tsakiyar ba dunƙule guda ba ce, a cakuɗe take da abin da ya kewaye ta. Kuma zafin wurin ya fi na fuskar rana. Wane ƙarfe zai jure, Hadiza?

Lawali: Amma an sauka a duniyar Zuhal, wato Saturn, na gani da idona a Facebook, har da hoton duwatsu.

Hadiza: A'a Yaya, wannan Titan ne, watan Zuhal, inda na'urar Huygens ta sauka a 2005. Kumbon Cassini da aka tura cikin Zuhal kanta a 2017 ƙonewa ya yi.

Sanusi: To a rataya kumbon da balan-balan ya yi ta shawagi cikin gajimare mana.

Malam Habu: Wannan masana na tunaninsa. Matsalar ita ce haidirojin ta fi kowace iska sauƙi, sai dai a riƙa ɗumama ta cikin balan-balan ɗin. Ko an yi nasara, shawagi ne, ba sauka ba.

Sanusi: Ni dai a wurina, wanda ya shiga da lema ya sauka. Yau da dare zan kai wa ƴan fada maganar.