Abokai sun gayyace ni tsere a hanyar Zariya, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi

Ɗan Tarauni: Assalamu alaikum. Abokaina sun shirya tseren motoci daga Gadar Tamburawa zuwa Kwanar Dangora ranar Lahadi bayan sallar asuba, kuma sun matsa mini in shiga da Camry ɗina. Ban taɓa wuce kilomita 130 a awa ba, su kuwa suna maganar 180. Naira 300,000 nake da ita, kuma ban san ko tayoyi ya kamata in fara sauyawa ba ko birki. Waɗanda suka taɓa irin wannan gudu, yaya ake riƙe sitiyari a kwana?

Injiniya Sharaɗa: Wa alaikumus salam, ƙanena. A gudun 180 mota tana cinye mita 50 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki yake buƙata yana ninkawa sau huɗu. Masu wannan wasa suna koya wa sabon shiga ya jefa idonsa can nesa, ya gama taka birki kafin ya shiga kwana, kuma kada ya ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyarta, domin bayan motar zai iya juyawa. Amma a Amurka, inda ake tseren Silver State a jihar Nebada, rufe titin ake yi gaba ɗaya na tsawon mil 90, a duba kowace mota, direba ya sa hular kwano, sabon shiga kuma ya fara daga ƙaramin aji. Hanyar Zariya ba wanda zai rufe maka ita.

Baban Ummi: Yaro, ka saurare ni. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya irin wannan gayyata ya amsa, shi ma da asuba, wai lokacin babu kowa a titi. Wani manomi ne ya fito da amalanken shanu zai tsallaka zuwa gona. Ƙanena ya kauce masa, tayar gaba ta fashe, motar ta yi ta wuntsilawa har cikin gonar shinkafa. Abokin da ke gefensa bai ɗaura bel ba, a nan take ya cika. Shi kuma wata bakwai na yi ina jinyarsa a asibitin ƙashi, muka sayar da filin da mahaifinmu ya bar mana, kuma har yau a keken guragu yake zuwa masallaci. Cikin waɗanda suka zuga shi, mutum biyu kacal suka zo dubiya.

Maman Sadiq: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, Ya ba ƙanenka lafiya, Baban Ummi. Shin tayar da ta fashe sabuwa ce?

Baban Ummi: Amin, Hajiya. Tokumbo ce, sati uku da sayenta.

Oga Mai Faci: Kun ji inda gizo ke saƙar. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Akwai kuma harafin gudu: T tana ɗaukar 190, H 210, V 240, amma wannan ga taya mai lafiya ne, ba wadda ta tsufa a rana ba. Sabuwa ta kirki ba ta gaza 120,000.

Abba Kurna: Oga, a watan jiya na sayi sabuwa dal a kan 75,000. Kuma wanda yake son gwada gwaninta ya zo ya fita daga Kantin Kwari da ƙarfe biyar na yamma. Duk wanda ya kai 20 a awa mu ba shi kofi.

Oga Mai Faci: Ta 75,000 ɗin ka duba lambar jikinta tukuna. Shekarata 22 ina cire tayoyin da suka fashe, ba a littafi na karanta ba.

Injiniya Sharaɗa: Oga, ban raina sana'arka ba, amma ko tayar jirgin sama aka sa wa yaron nan, lissafin birki ba zai sauya ba. Dokar hukumar kiyaye haɗura ma 100 ta yarda wa ƙaramar mota a babban titi mai hannu biyu.

Ɗan Tarauni: Na gode, iyayena. Baba, labarin ƙanenka ya sanyaya mini jiki. To akwai wurin da mutum zai koyi wannan abu bisa ƙa'ida a nan Kano?

Maman Sadiq: Ɗana, ni abin da ya fi damuna shi ne masu goge lambar tsohuwar taya su shafa mata baƙin mai su sayar. Haka aka yi wa maigidana, ta fashe mana kusa da Wudil da yara huɗu a baya, muna tafiya 80 kawai, kuma da ya mayar da ita mai shagon ya rantse bai taɓa ganinsa ba.