Zanen katangarmu ya ɓaɓɓare cikin damina ɗaya, ina muka kuskure?

Mai Alli:
Assalamu alaikum jama'a. Bara mu matasan layinmu muka shirya ranar zane da karatun waƙa a ranar 15 ga Afrilu, don ta dace da Ranar Fasaha ta Duniya. Wani dattijo ya ba mu katangar gidansa da ke kallon titi, muka zana ƙatuwar bishiya, yara suka dangwala tafin hannunsu a fenti suka mayar da su ganye. Ƙanwata mai shekara shida har yau ta san inda hannunta yake. To kafin damina ta ƙare fentin ya kumbura, yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai, daga ƙasa kuma wani farin abu mai kama da gishiri ya feso. Da kunya nake wucewa ta wurin. Fentin mai muka saya, mai ƙyalli, a tunaninmu shi ne mai jure ruwa. Bana muna so mu sake. Me za mu gyara?

Tsohon Fenta:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka faɗi laifin da bakinka. Fentin mai yana toshe siminti ruf, danshin da ke cikin bango ya rasa hanyar fita, sai ya tunkuɗo fentin. Farin abin nan kuwa gishiri ne da ruwa ke jawowa daga cikin bulo. Ku kankare komai da burushin ƙarfe, ku bi da samfefa. Sannan ku manna leda a jikin bangon, ku liƙe gefenta da salatif, ku bar ta kwana guda. In kun buɗe kun ga ta yi gumi daga ciki, kada ku taɓa bokiti tukuna, ku nemo inda ruwa ke shiga. Sau tari indararo ne ke zuba a jikin katangar, ko kwata a gindinta. In an yi sabon filasta, a ba shi mako huɗu. Bayan nan shafin farko, sai fentin ruwa na akirilik wanda aka yi don waje. Kuma ban da shafi da tsakar rana, bango na ƙuna. Samansa ne kawai zai bushe, bai kama ba.

Malamar Aji Uku:
Baba ya gama magana kan fenti. Ni tambayata, ƙanena, wa ya zaɓi bishiyar? Ku kaɗai, ko kun tambayi masu buɗe ƙofa su gan ta kullum? A Filadelfiya ta Amurka, shirin zanen bango ya faro a 1984 don rage rubuce-rubucen banza a jikin gine-gine, suka jawo masu rubutun cikin aikin, yanzu zanensu ya kai dubbai. Wanda ya sa hannu a zane ba ya yarda a manna masa fosta a kai. Ku zana a takarda, ku ja layuka ku raba zanen gida-gida kamar na dara, ku fitar da gidajen a bango da alli, kowane yaro a ba shi gidansa da launinsa.

Ɗan Zaman Benci:
Ku ɗauki hoton tsohon kafin ku kankare, saboda yaran.

Mai Alli:
Baba, Allah ya saka da alheri. Yanzu na dawo daga wurin, indararo biyu ne, duk a kan bishiyar suke zuba, ban taɓa ɗaga kai na duba ba. Na manna ledar. Malama, gaskiya mu huɗu ne muka zaɓa a ɗakina. Matsalar da ta rage ita ce ƙanwata, ta ce duk wanda ya kankare hannunta sai ta haɗa shi da Umma.