Jikin pisin (wurin ninƙaya) ya yi kaushi, mene ne magani?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa, ina kula da pisin na wani otel, jikin siminti ne, yanzu ya yi kaushi har yana goge ƙafar yara, ruwan kuma tas yake. Mene ne wannan?

Na Marwa: Wa alaikumus salam. Malam ka auna sinadarin kalsiyum da ke cikin ruwan tukuna, ana son 200 zuwa 400 ppm (wato kashi cikin miliyan). In ya yi ƙasa ruwan ne ke cin simintin yana jan kalsiyum daga jikinsa, sai ka zuba calcium chloride (sinadarin ƙara kalsiyum) kaɗan kaɗan famfo na aiki.

Ɗan Injamena: Gaskiya, amma da zafin nan namu ruwa na ƙafewa kalsiyum kuma baya tafiya, taruwa yake, in ka ga farin ɓawo a bakin ruwa to yawa ya yi, rage ruwan ka ƙara sabo. Don Allah kar ka zuba komai kafin ka auna.