Yaya zan gane ko mai tsara shafina ya san aikinsa?

Assalamu alaikum. Wata shida ke nan da na biya wani matashi kuɗi ya gina wa shagona na atamfa shafin intanet, bisa alkawarin cewa shafin zai fito a sahun farko a Google, amma har yau ko sunan shagon na rubuta ba ya bayyana. Abin da ya fi damuna shi ne, nasa shafin ma ba ya fitowa, ga kurakuran rubutu birjik a cikinsa. Daga baya na karanta cewa Google da kansa ya ce babu mai iya lamunce matsayi na ɗaya. Matashin kuma ya ƙi ba ni izinin shiga Search Console, wato dandalin Google da mai shafi ke duba yadda shafinsa yake fitowa a bincike. Don Allah, ta yaya zan tabbatar ko an ma yi wa shafin rajista a can?