Zanen da Babanmu ya bari: mu kai laburare ko mu nemi wani wuri?

Maman Ilham, Fagge:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Mahaifinmu ya rasu bara, bayan babbar sallah. Zane ya karanta a ABU Zariya, ya koyar da shi a makarantun sakandare nan Kano har ya yi ritaya. Ya bar zane 27 a ɗakinsa, kaɗan na fentin mai a kan ƙyalle, sauran na fentin ruwa a kan takarda. Akwai hawan daushe, akwai marinar Ƙofar Mata, akwai Ƙofar Na'isa ta ƙasa, yadda take kafin a rushe ta a 2010 a sake gina ta.

Ni dai raina na kan Laburaren Murtala Muhammad. Yaron da ba zai taɓa taka gidan baje kolin zane ba yana shiga can karatun JAMB, kuma irin waɗannan yaran Baba ya ƙarar da ƙarfinsa a kansu. Yayanmu kuwa ya ce wani dillali daga Abuja ya yi tayi, mu sayar a raba. Laburare na karɓar irin wannan? Ta ina ake farawa?

Malam na Ƙoƙi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Hajiya, kafin maganar laburare akwai maganar gado. Tunda har an yi tayi, zanen nan dukiya ce, kuma kowane magaji yana da haƙƙi a ciki. In marigayin ya bar wasiyya a bayar, za a zartar matuƙar ba ta wuce sulusin abin da ya bari ba. In bai bari ba, sai kowa ya yarda da bakinsa, har mahaifiyarku. In da maraya wanda bai balaga ba, ba a kyauta da kasonsa. Yayanku bai yi laifi ba da ya ce a sayar. A yi wa zanen ƙima, mai son bayarwa ya karɓe shi a kasonsa ko ya fanshi na 'yan'uwa.

Tsohuwar ma'aikaciyar laburare:
Allah ya gafarta masa. 'Yata, niyyarki ta taɓa ni, shi ya sa zan faɗa miki gaskiya. Mu littafi aka koya mana: a ba shi lamba, a jera a kanta, a ɗaure in ya yage. Zane wani fanni ne dabam, kuma yanayinmu ba ya raga masa. Da hunturu danshin iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a Agusta ya haura kusan 80, alhali gidajen adana kayan tarihi wajen 50 suke nema. Ƙyallen sai ya ɗame ya saki, ya ɗame ya saki, har fenti ya tsattsage. Na ruwan ma ya fi ban tausayi, haske ke cinye shi. Ki rataye shi daura da taga, shekara kaɗan shuɗin marinar nan zai koɗe, kuma ba ya dawowa. Ga gara, ga yoyon rufi. A wani wuri da na yi aiki, na ga kwalayen kyauta sun daɗe a sito saboda wanda ya karɓa an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san da su ba.

Ban ce kada ku je ba. Ku je wurin shugabannin hukumar laburare ta jiha, ba wurin mai tsaron kanta ba. Ku ce a nuna muku bangon da za a rataye su, ki kalli inda rana ke faɗowa da idonki. Ku fara da aro: zane biyar ko shida, cikin gilashi, na wata uku. In kun ga riƙon, sai a yi maganar kyauta, a rubuce: hoton kowane zane da girmansa, wa ke da alhakin kula, ba a sayarwa, ba a mayarwa ofishin kowa, in an daina nunawa a dawo wa iyali. Ku sa maganar haƙƙin mallaka ma. A dokar 2022 yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai zane, kuma ba da zanen ba ya nufin an ba da izinin buga shi a kalanda.

Ɗalibin zane, Samaru:
Mama ta laburare ta gama magana, amma ni da za a bi tawa, na fentin man su zo ABU Zariya. Sashen da ya yaye shi ne, inda fitattun masu zane su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, kuma akwai malaman da suka san gyaran ƙyalle. Na Ƙofar Na'isa kuwa shaidar tarihi ce, ku tuntuɓi Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. Kafin nan don Allah kada a naɗe su, kada a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a liƙa salatif a inda ya yage. A ɗaga su daga ƙasa, a janye daga jikin bango.

Maman Ilham, Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, babu wasiyya a rubuce, kuma autarmu ba ta kai sha takwas ba amma ta balaga, don haka za mu zauna da ita da Umma da Yaya ranar Juma'a. Zan nemi a ba ni na ruwan a kasona, ko da zan yi ciko. Mama, shawarar aron nan zan bi, don har yanzu ina so yaran laburare su gani. Ɗan'uwa na Samaru, guda biyu sun fara fumfuna ta baya, alamar sun sha danshi. In na turo maka hotonsu, za ka iya nuna wa wani malaminku ya faɗa mana ko suna gyaruwa?