Neman Shawara: Horon Ƙwarewa Ko Bincike?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gama karatun likita na shekara 6, na yi shekarar sanin makamar aiki, yanzu ina hidimar ƙasa a wani ƙaramin asibiti. Watan jiya aka kawo mana yaro mai sikila, ɗan shekara 7, hannun dama ya saki, baki ya karkace. Uwarsa na riƙe da takalminsa ɗaya tana tambayata ko iska ce ta taɓa shi. Shanyewar ɓarin jiki ce. Tun ranar zuciyata ta karkata ga bincike. Amma Baba ya ce likitan da ba ya duba mara lafiya malamin takarda ne, kuma gona ya sayar ya biya mini karatu. Ya zan yi?

Wani likitan yara: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kina zaton hanya biyu ce, alhali ɗaya ce. Kan irin yaron nan aka yi bincike a Kano, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Na'ura ake ɗorawa a gefen kan yaro, a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wanda nasa ya yi sauri fiye da kima, shi ke bakin haɗari. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irinsu wata-wata, mu kuwa ina jinin? Sai aka gwada maganin hydroxyurea, aka ga ƙaramin awo ma yana ba da kariya. Sakamakon ya fito a 2022. Waɗanda suka yi aikin nan likitoci da nas-nas ne da ke wuni kan marasa lafiya. Ki rubuta jarrabawar shiga, ki kama horon ɓangaren yara. Ai ba za ki fito kwansoltan ba sai kin rubuta kundin bincike.

Wata ma'aikaciyar jinya: Dakta, kada ki jira wani babban muƙami. Ki sayi littafi mai kauri, duk mai sikilan da ya zo ki rubuta shekarunsa, sau nawa ciwon ya tashi, da maganin da yake sha. Sai dai kafin ki mayar da shi bincike, ki nemi izinin kwamitin ɗa'a da yardar iyaye. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano a 1996 ba, wanda aka yi zargin ba a nemi yardar iyaye yadda ya kamata ba.

Wata uwa: 'Yata, kada ki yi musu da Baba. Ki zauna gabansa ki ba shi labarin yaron nan kamar yadda kika ba mu.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Yaya, yaron yana da ƙanwa 'yar shekara 4, ita ma sikila ce. Gobe zan rubuta musu takardar zuwa Kano a yi mata awon kan.